Hoton Da Ke Saman Ƙofar Boniface

Shafi na 12

Masu tare ni tun asuba da saƙo, wai na bar Kaosarat a bakin titi tun ranar Alhamis, na ji ku. Kwana biyu ba mu ga wuta ba a layinmu, waya ta mutu. Ga ta nan ta iso Sabon Gari, sai ku biyo ta.

*

A daidaita sahu ya sauke su a ɓangaren masu kayan lantarki. Kaosarat ta riga Adaugo dira, ta gyara mayafi, ta ƙara matse jakarta a hammata.

Shekara uku ke nan tana ɗaukar hoto da waya. Masu shayi, 'yan dako, tsofaffin taragun da ke kwance a bayan tashar jirgi. Ba wanda ya sa ta, ba wanda yake biyanta. A gidansu na Kwaciri dariya ake mata, yayanta Sodiq har suna ya laƙa mata, Hajiya Ƙyas-ƙyas. Yau dai ta fito sayen kyamara ta gaske, kuma ba ta gaya wa kowa ba sai Adaugo, ƙawarta tun firamare.

"Ki rage saurin nan, shagon ba gudu zai yi ba," in ji Adaugo. "Kuma in kawu Boniface ya fara surutu ki bar shi. Shekara talatin ya yi yana hoto kafin ya koma sayar da kaya, bakinsa ba ya gajiya."

Suka hau bene. Shagon ƙarami ne, fanka tana juyawa a kasalance. Boniface ya sauke tabarau zuwa kan hanci ya dube su.

"Wannan ce mai hoton?"

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Me kike so ki riƙa ɗauka? Biki?"

"A'a. Mutane."

"Biki ma ai mutane ne."

"Mutane suna harkarsu, Baba. Ba waɗanda suka yi kwalliya suna jira ba."

Ya kalle ta, sannan ya juya ya sauko da kyamara uku, ya jera a kan kanta.

Ta farko ƙatuwa ce, baƙa. Ta ɗaga ta ta ji kamar ta ɗauki dutsen guga.

"Wannan irin tamu ce ta da," ya ce. "Akwai madubi a cikinta, duk ɗauka sai ya buga, tas. Ki shiga kasuwa da ita, kowa zai tsaya ya gyara hula. Ajiye ta. Waɗannan biyun marasa madubi ne, shi ya sa kika gan su ƙanana."

Ta biyu ko tafin hannunta ba ta cika ba. Kaosarat ta juya ta, ta yi murmushi.

"Ta shiga ranki ko? To fita da ita baranda."

Ta fita, ta ɗaga ta saitin titi. Rana ta haske allon, ba ta ga komai ba sai fuskarta.

"Kin gani? Ba ta da wajen ɗora ido, allo kawai. A ranar Kano da azahar canki-canka za ki yi ta yi. Gwada wannan."

Ta uku ta ɗan fi ta biyu girma, baƙa ce mai ruwan azurfa a sama. Kaosarat ta ɗora idonta a 'yar tagar. Kasuwar gaba ɗaya ta matso. Ga wata mai lemo tana fifita da kwali, ga gumi a goshinta. Ta danna.

Ba ta ji komai ba.

"Ba ta ɗauka ba, Baba."

"Ta ɗauka. Duba."

Ta duba, ga mai lemo nan, har zaren da ya zazzago daga ɗankwalinta ya fito.

"Na kashe mata ƙara. Haka take, shiru. Ko hannunki yana rawa tana riƙe shi, ko a ɗaki mai ƙarancin haske ba ta jin tsoro. Aibinta ɗaya, cin batir, dole ki haɗa da na biyu. Lensin nan kuma gajere ne, ba ya jawo nesa. In kina son mutum ya matso, ke za ki taka ki je."

"Ita nake so."

"Ba ki tambayi..."

"Ita nake so, Baba."

Boniface ya yi dariya har tabarau ya zame.

"Adaugo, ƙawarki tana da ido. Wannan ba tokumbo ba ce, sabuwa ce, a kwalinta ta zo. Kyauta ce ta gasa. Wata ƙungiyar masu hoto a Legas ce ta sa gasar hoton waya, wani yaro mai gyaran waya a nan ƙasa ya zo na ɗaya ya cinye ta. Ya kawo min ya ce in sayar masa, shi ba shi da lokacin yawo da ita. Na ce to bar min hoton in wanke in rataye. Shekara talatin ban ɗauki irinsa ba. Juyo ki gani, ga shi can saman ƙofa."

Kaosarat ta juya da kyamarar a hannu.

Hoton babba ne, an sa shi a firam. Tsakar gida ce da hantsi. Wani tsoho a zaune a kujerar roba, ba riga, tawul a wuya, ɓarin fuskarsa ɗaya a sake. Wata dattijuwa ta sunkuya tana masa aski da reza, hannu ɗaya ta tallafe masa haɓa. Kanta ba ɗankwali. Furfurarta duk a waje, kitso ya tsufa.

Tsakar gidansu ce. Babanta ne. Iya ce.

Ita ta ɗauki hoton nan wata biyar da suka wuce, daga bayan labulen ɗakinta. Ba ta taɓa nuna wa kowa ba, ko Adaugo.

"Wannan ba Iya Sadiat ba ce?" Adaugo ta faɗa a hankali.

Kaosarat ta matsa ta ɗaga kai tana karanta rubutun da ke ƙasa. Da Turanci aka yi shi, layi biyu.

Askin ƙarshe. Mahaifina Musiliu, tsohon ma'aikacin reluwe, kwana uku kafin rasuwarsa. Mai hoto, Sodiq Musiliu.

Ta karanta sau biyu. Kunnuwanta suka ɗauki zafi.

"Baba, sauke hoton nan."

"Lafiya?"

"Ka sauke shi yanzu."

"'Yata, ya haka? Hoton mutane ne, mai shi ya ba ni da hannunsa. Har ta'aziyya na yi masa."

"Ta'aziyyar wa?"

"Ta babansa mana."

"Babansa na bari a gida da safen nan yana shan koko. Ni na riƙe masa kofin."

Boniface ya cire tabarau gaba ɗaya. Ya dubi Adaugo.

"Gaskiya ne, kawu. Sodiq yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Baba Musiliu yana nan da ransa, shanyewar ɓarin jiki ce kawai."

Tsohon ya jawo kujera ya taka, ya sauko da firam ɗin, ya jingina shi da bango fuskarsa ciki.

"Tun yaushe yake rataye?" Kaosarat ta tambaya.

"Tun Alhamis."

"Mutum nawa suka gani?"

"Duk wanda ya shigo. Ni nake nuna musu."

Ta lumshe ido. Wata goma sha huɗu ke nan tun da babanta ya faɗi a banɗaki. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana gyaran taragu, wanda ba ya fita sai da gugar wuta a rigarsa, tun ranar ya ce kada a bar kowa ya gan shi haka. Abokan aikinsa sun yi ta zuwa ana ce musu yana barci har suka gaji suka daina. Iya kuwa ko mai ruwa ne zai shigo sai ta lulluɓa. Yau ga su an kafe a bango a Sabon Gari, shi ba riga, ita ba ɗankwali.

"Kana da lambar Sodiq?"

"Ina da ita."

"Kira shi. Ka ce an sami mai saye."

"Kaosarat," Adaugo ta riƙo hannunta, "ki bari sai kun koma gida."

"Gidan da ba ya kwana? Kira shi, Baba."

Ba a yi minti goma ba suka ji takunsa a matakala, bibbiyu yake haɗawa. Ya shigo yana goge hannu a wando, baki har kunne.

"Oga Boniface, ai na gaya maka ba za ta kwana..."

Ya gan ta. Ya ga kyamarar a hannunta. Ya ɗaga ido saman ƙofa ya ga ƙusa kawai.

"Me ya kawo ki nan?"

"Ta'aziyya na zo yi maka, Yaya. An ce ka yi rashi."

"Ke, ki iya bakinki, muna gaban mutane."

"Yanzu ka san da mutane? Yaushe ya rasu? Ni ba a gaya min ba. A ina aka binne shi? Wa ya yi masa salla?"

"Kaosarat."

"Kwana uku bayan askin, ko? To wane ne nake juyawa a katifa kullum da asuba?"

Sodiq ya tura ƙofar shagon ya rufe. Ya rage murya.

"Rubutu ne kawai. Mutanen nan sai da labari suke ba da maki. In ka ce tsoho ne ba shi da lafiya, irinsa dubu ne."

"Sai ka kashe shi."

"Ban kashe kowa ba."

"A ina ka sami hoton?"

Ya juya fuska wajen ƙofa.

"Na ba ka wayata ka canja min gilashi. Kwana ɗaya ta yi a wajenka. Ashe lalube ka kwana yi."

"Shekara nawa kina tara hotuna a waya suna ruɓewa? Wa ya san ki? Da ban tura ba da har yau yana nan tsakanin hoton mai shayi da na akuya. Ni na ga gasar, ni na cike fom, ni na bi."

"Da sunanka."

"Da sunan wa zan sa? Da na tambaye ki za ki yarda?"

"Ba zan yarda ba."

"To kin gani."

Kaosarat ta yi dariya, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Hajiya Ƙyas-ƙyas. Ko ba haka kake kirana ba? A gaban abokanka ka ce aikin marasa aikin yi nake yi. Ka ce in nemi abin yi. Ashe kai ne ba ka da abin yi sai satar na marasa aikin yi."

"Kada ki kira ni ɓarawo."

"Me sunanka?"

"Keken marasa lafiya zan saya masa da ita. Mai kyau, mai birki. Shi ya sa na kawo ta nan ban riƙe ba. Tambayi Oga."

"Bai ce min haka ba," in ji Boniface. "Cewa ya yi ba shi da lokaci."

"Dole sai na gaya maka sirrin gidanmu?"

"Sirrin gidanku ka ba ni na rataye a bango, yaro. Na kama hannunka na ce Allah ya ji ƙansa, ka ce amin. A shagon nan. Ni da furfurata ka sa na yi wa mai rai addu'ar matattu."

Sodiq ya kau da kai.

"Keke," Kaosarat ta maimaita. "Ka san ƙafarsa ta wane ɓari ce ba ta motsi?"

Ya dubi ƙasa.

"Faɗi mana. Dama ko hagu?"

"Ki bar ni."

"Ba ka sani ba. Rabonka da ɗakinsa tun ƙaramar salla. A bakin ƙofa kake tsayawa ka ce Baba ya jiki, kafin ya haɗa amsa ka kai zaure. Yana kiran sunanka, So, So, bakinsa ba ya iya ƙarasawa, kai kana can kana tayar da babur."

"Ba zan iya ba ne."

Ya faɗe ta da ƙarfi, har mai shagon kusa ya leƙo ta gilashi.

"Ba zan iya kallonsa haka ba. Ke kin iya, Allah ya ba ki lada. Ni mutumin da na sani shi ne wanda yake ɗaga ƙarfen da mutum biyu ba sa ɗagawa. Wancan da ke ɗaki yawu yana zuba... ni a wajena tun ranar da ya faɗi na rasa uba. Abin da na rubuta ke nan. Ban yi ƙarya ba a raina."

"A ranka. To shi nasa ran fa? Yana ji, Yaya. Komai yana ji. Jiya da aka ce a rediyo za a gyara layin dogo sai da ya buga hannu a katifa."

"Na ji. Ni ne mugu, ke ce ta Allah." Ya juyo ya nuna ta da yatsa. "To bari in tambaye ki. Wa ya ba ki izinin ɗauka?"

Ta tsaya.

"Iya ta san kin ɗauke ta ba ɗankwali? Baba ya san kin ɗauke shi ba riga? Daga bayan labule kika laɓe, ga bakin labulen nan ya fito a gefen hoton. Ni na tura, na yarda. Amma ba ni na tsaya ina leƙen iyayena ba."

"Don kaina na ɗauka."

"Haka kowane mai leƙe yake cewa. Ga shi yanzu kin zo kin zaɓi wadda ba ta ƙara, don ki ji daɗin yi babu mai ji."

Maganar ta same ta. Ta ji kyamarar ta yi mata nauyi a hannu. Gaskiya ne, ranar ta ga hasken ya sauka a hannun Iya, ta ga yadda Baba ya rufe ido ya miƙa wuya kamar ƙaramin yaro, ta ji in ba ta riƙe wannan ba zai wuce. Ba ta tambaya ba. Ta san in ta tambaya za a hana.

Ta ajiye kyamarar a kan kanta a hankali.

"Wannan tsakanina da Iya ne, kuma yau zan gaya mata da bakina, ta yi min duk abin da za ta yi. Kai kuma yanzu za ka kira mutanen Legas ɗin nan a gabana. Ka ce hoton ba naka ba ne, ka ce mahaifinka yana da rai, ka ce su cire."

"Za su karɓe kyamarar."

"Su karɓe."

"Za su sa sunana a duniya a ce maƙaryaci."

"Sunan Baba ka sa a duniya ka ce mamaci."

"Ba zan kira ba."

"To ni zan kira. Asalin hoton yana wayata da ranar da aka ɗauka, da guda shida da na ɗauka kafin shi da bayansa. Kai nuna musu ɗaya."

Boniface ya ɗauki kyamarar ya mayar kwalinta, ya tura ƙarƙashin kanta.

"Ba na sayar da ita. Ba na kuma ba ka ita. Tana nan sai an san mai ita."

"Oga, kayana ne."

"Je ka kira 'yan sanda su zo in nuna musu hoton."

Adaugo, wadda tun ɗazu take latsa waya a gefe, ta ɗago. Fuskarta ta canja.

"Sodiq, ka ce a Legas kawai za a nuna?"

"A zaurensu kawai. Wa zai gani a nan?"

Ta juyo musu da wayar.

"Sun sa a shafinsu na Fesbuk tun ƙarfe takwas na safe. Da rubutun, da sunan Baba, har da Kwaciri. Mutum sama da ɗari huɗu sun tura gaba. Ga wani nan ya rubuta, Allah ya ji ƙan Oga Musiliu, tare muka yi aiki a loko, wajen gyaran jiragen ƙasa, ba a sanar da mu ba."

Sodiq ya fizgi wayar yana ja da yatsa. Gumi ya keto masa.

"Ba su ce min yau ba ne. Sun ce sai wata mai zuwa."

Wayar Kaosarat ta fara ruri a jaka. Ta ciro. Iya.

Ta dube shi, ta danna, ta sa a sifika.

"Iya."

"Kaosarat, kina ina?" Muryar a ƙasa take, kamar ta rufe baki da hannu. A bayanta ana jin muryoyin maza da yawa suna amsa amin.

"Ina Sabon Gari. Su wane ne nake ji?"

"Malam Gana ne da mutanen reluwe. Sun fi goma, sun cika zaure har waje. Na fita in ce musu yana barci, kafin in buɗe baki suka ɗaga hannu. Wai Allah ya haskaka kabarinsa. Wai sun gani a waya, ɗansa ne ya sanar. Ina Sodiq?"

Sodiq ya ja baya har ya bugi firam ɗin da ke jingine.

"Iya, Baba fa? Ya ji?"

Iya ta ƙara rage murya.

"Tagarsa a buɗe take."

"Ki rufe. Ki ce su tafi, ga ni nan zuwa yanzu."

"Ya hana. Ya buga kofi a ƙasa sai da na shiga. Da ƙyar ya haɗa magana, ya ce in sa masa riga da hula. Ya ce in kamo shi, zai fito."

"Zai fito zaure?"

"Ga shi nan na zaunar da shi a bakin gado. Sun ce wai har da hoto, ni da shi. Wane hoto ne wannan, Kaosarat? Ni yaushe na tsaya aka ɗauke ni?"

"Iya, kada ki kalla. Don Allah ki jira ni, ni zan yi miki bayani."

"Tsaya," in ji Iya. "Ga Malam Gana yana miƙo min wayar."